Zaren da ya tsinke: inda amanar Toyota ta samo asali, da inda take yoyo

Duk wanda ya taɓa tara 'yan kuɗinsa ya ce zai sayi mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san shawarar da zai fara ji. Kafin ya gama faɗin abin da ke hannunsa wani zai tari numfashinsa: "Malam, nemi Corolla ka huta." In ya ce ai ya ga wata ta Turai da ta fi ta sabunta, ta fi ta kyan gani, kuɗinta kuma bai kai ba, sai a ce masa, "Ranar sayarwa za ka gane." Dillalai ma a kan haka suke ciniki. Za ka ga Corolla mai shekara goma sha biyar a duniya, fenti ya koɗe, kujeru sun sha zama, amma mai ita ba ya sassauta farashi, don ya san in wannan bai saya ba, na bayansa zai saya.

Ba talla ce ta kawo wannan yarda ba. Mafi yawan masu wannan magana ba su taɓa sayen mota sabuwa dal ba, ba su taɓa riƙe takardar garanti ta kamfanin ba. Motar da suke yabo ta hannu ce, wani lokaci hannu na uku ko na huɗu. To me ke cikinta? Kuma me ya sa, a cikin masu mota iri ɗaya, wani zai rantse maka shekara bakwai bai buɗe inji ba, wani kuma yana yawo da galan ɗin baƙin mai a but? A ganina amsar reshe biyu gare ta: ɗaya a masana'antar Japan, ɗaya a kasuwar kayan gyara da hannun bakanike. Sai an bi tarihin kafin a ga inda suka haɗu.

Gidan Toyoda na masaƙa ne tun asali. An haifi Sakichi Toyoda a 1867 a wani ƙauye na yankin Shizuoka, mahaifinsa kafinta, mahaifiyarsa tana saƙar hannu kamar sauran matan ƙauyen. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman hanyar sauƙaƙa wannan aiki, har a 1924 ya kammala injin saƙa mai sarrafa kansa da ake kira Type G. Abin da ya bambanta injin nan ƙarami ne a ido. A kan kowane zaren tsaye akwai ɗan siririn ƙarfe a rataye. Muddin zaren yana miƙe, ƙarfen yana sama. Da zarar ya tsinke sai ƙarfen ya faɗo, injin ya tsaya cak. Kafin wannan, ko dai a ajiye mutum ya zura wa inji ɗaya ido wuni guda, ko kuwa a tarar an saƙa yadi mai tsawo da aibi a jikinsa, a yi asarar zare da lokaci. Yanzu ma'aikaci ɗaya yana iya kula da injuna da dama, kuma yadi mai aibi ba ya fita. Japanawa suna kiran wannan tunani jidoka: aiki ya tsaya da kansa in an sami matsala, kada a ci gaba da haifar da ɓarna. A riƙe wannan zaren, domin duk labarin a kansa yake tafiya.

A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ke taƙama da masana'antar saƙa, ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗan Sakichi, wato Kiichiro, shi ya yi tafiyar cinikin, ya ratsa Amurka da Ingila, ya dawo da mota a zuciyarsa. A lokacin Ford da General Motors ne suka mamaye titunan Japan, kowannensu da wurin haɗa motocinsa a can. A 1933 Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar, suka sayo Chevrolet suka warware ta ɗaya bayan ɗaya suna koyo. Akwai dabarar da suka yi wadda ta fi ɗaukar hankalina: sun tsara motocinsu na farko yadda kayan gyaran Chevrolet da Ford da ke kasuwa za su shiga jikinsu. Sun gane tun ran farko cewa wanda motarsa ta lalace a hanya ba sunan kamfani yake nema ba, abin da zai ɗaura ya tashi yake nema.

Kuma sun lalace ƙwarai. Babbar motar ɗaukar kaya ta G1 da ta fito a 1935 ta sha karyewa a hanya, ma'aikatan kamfanin suna bin masu ita da kayan aiki suna gyarawa suna ba da haƙuri. A 1937 aka kafa Toyota Motor a matsayin kamfani mai zaman kansa, an sauya harafi ɗaya daga sunan gidan. Gaskiya ce kuma da ba a cika faɗa ba cewa dokar da gwamnatin Japan ta yi a 1936 don kare masu ƙera mota na gida, da kwangilar motocin soja a shekarun yaƙi, su suka ba jaririn kamfanin wurin numfashi.

Shekarar da ta fi kowace tasiri ita ce 1950. Tattalin arzikin Japan ya ƙuntata bayan yaƙi, an ƙera motoci babu mai biya, kamfanin ya kai bakin rushewa. Bankuna suka ce za su ba da rance bisa sharaɗi: a raba sashen sayarwa daga na ƙerawa, a rage ma'aikata. Aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, aka shiga yajin aiki na kusan wata biyu. Kiichiro, wanda ya riga ya yi wa ma'aikata alkawarin ba zai kori kowa ba, ya sauka daga shugabanci tare da su. Bai daɗe ba ya rasu, a 1952. 'Yan makonni bayan saukarsa yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka ba da odar manyan motoci, kamfanin ya farfaɗo. Amma tabon bai goge ba. Daga nan Toyota ta tsani abu biyu: bashin banki, da ƙera abin da ba a riga an nema ba.

A wannan talauci aka haifi tsarin da duniya ke koyi da shi yau. Eiji Toyoda ya je ya ga masana'antar Ford a 1950, inda ake fitar da dubban motoci a rana guda alhali su 'yan gomiya suke iya yi. Ba su da kuɗin da za su cika sito da kaya kamar Ford. Sai wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren saƙa ya fito, ya juya lissafin. Kowane sashe zai karɓo daga na bayansa abin da yake buƙata ne kawai, a lokacin da yake buƙata, da ɗan kati da ake kira kanban a matsayin shaida. Amfanin wannan ya wuce tsimin kuɗi. In ka buga ƙofar mota dubu goma ka jibge, kuma akwai kuskure a ma'auninta, ba za ka sani ba sai bayan wata guda, lokacin da duka dubu goman sun zama asara. In hamsin ka buga, yau ɗin nan za a gane.

Sannan aka rataya igiya a saman layin haɗa mota. Kowane ma'aikaci, ko jiya aka ɗauke shi, in ya ga noti bai zauna daidai ba yana da ikon jan igiyar. Fitila za ta kama, shugaban rukuni ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. Wannan shi ne ɗan ƙarfen Sakichi, an mayar da shi hannun mutum. A masana'antun Amurka na wancan zamani tsayar da layi babban laifi ne. Sai dai a bar motar ta wuce da aibinta a gyara a ƙarshe, bayan an riga an rufe aibin da kujeru da dardumar ƙasa. Toyota ta ce a'a, tun ran gini ran zane.

Ohno yana da wata ɗabi'a da nake fatan kowane mai gareji ya ji. Yakan ce a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Inji ya tsaya, me ya sa? Fis ya ƙone. Me ya ƙona shi? Nauyi ya yi wa injin yawa. Me ya kawo nauyin? Boris bai sami mai ba. Me ya hana shi samu? Famfon mai ba ya turawa. Me ya sami famfon? Ya cinye, domin babu rariya, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko zai sauya fis, bayan wata biyu a dawo masa da aikin. Wanda ya kai ta biyar rariya zai sa.

Duk da haka ba a dare ɗaya aka yi suna ba. A 1958 suka kai Crown kasuwar Amurka, motar da ta yi fice a matsayin tasi a titunan Japan marasa kyau. A manyan titunan Kalifoniya sai ta kasa: ba gudu, ga zafi, ga jijjiga. Guda 287 kacal aka sayar a shekarar, kuma zuwa 1961 an janye ta. Land Cruiser ce ta riƙe musu shago har Corona ta zo a 1965. Sai Corolla a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Babban injiniyan Corolla ta farko, Tatsuo Hasegawa, ya kafa mata ƙa'ida: kada ta faɗi ƙasa da maki 80 cikin 100 a kowane fanni, ko da ba za ta zo ta ɗaya a gudu ko ado ba. Wannan ita ce halayyar Corolla har gobe. Ba ta burge matashi mai son a kalle shi, ba ta kuma ba magidanci kunya a hanya. Da rikicin man fetur na 1973 ya sa Amurkawa neman ƙananan motoci marasa shan mai, sai suka tarar da ita a shirye. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50.

Akwai masu cewa abin a jinin Japanawa yake, wai su mutane ne masu tsantseni. Abin da ya faru a garin Fremont na Kalifoniya ya rushe wannan zance. General Motors ta rufe masana'antarta a can a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan, aka kai wasu Japan horo, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin wurin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen ba su sauya ba. An dai daina hukunta wanda ya ce "akwai matsala".

Mu a nan, Toyota ta daɗe da shigowa ta hannun dillalai irin su R.T. Briscoe da Elizade, amma a shekarun 1970 da farkon 1980 Fijo ce sarauniyar hanya, musamman 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga 'yan Kwatano da Beljiyom. A wannan fage ne Toyota ta yi nasara, domin gasar ta koma ta wace mota ce ke da sauran rai bayan shekara goma a hannun wani. Starlet da Corolla suka cika layin tasi a Yamai, Hayis ta zama sunan motar haya ko da ba Toyota ce ta ƙera ta ba.

Wani abu da masu saye da yawa ba su lura da shi ba: Camry ɗin da ke yawo a Kano da wuya a ce ta taɓa ganin Japan. Japanawa a hagun titi suke tuƙi, sitiyarinsu a dama, Najeriya kuwa ta koma tuƙin dama tun 1972. Don haka motocinmu na hannu daga Amurka da Kanada da Turai suke zuwa. Tun 1988 ake ƙera Camry a Georgetown ta jihar Kentucky. A duba lambar shasi da ke ƙasan gilashin gaba: in ta fara da J ƙirar Japan ce, in da 2 ta Kanada ce, in da 1 ko 4 ko 5 ta Amurka ce.

A sahara kuwa sunan ya samu ne ta hanya mai ɗaci. A 1987 sojojin Chadi a ƙarƙashin Hassan Djamous, da a-kori-kura ƙirar Toyota kimanin 400 da makaman harbo tanka da Faransa ta ba su, suka fatattaki rundunar Libiya mai tankoki da jiragen sama a Fada da Wadi Dum. Har yau ana kiran wannan Yaƙin Toyota. Hilux ɗin da ke tashi daga Agadas zuwa iyakar Libiya da mutane a maƙare, ƙafafu a waje, ita ce kuma motar ma'aikatan rigakafi da masu kai agaji. Ita ce dai muka gani da bindiga a ɗaure a bayanta a hannun masu tayar da ƙayar baya a yankin tafkin Chadi. Dalilin duka ɗaya ne: tana jure lodi da yashi da mai maras kyau, kuma in ta tsaya ana iya tayar da ita da sifana da waya. Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, har yanzu ana ƙera ta kusan a yadda take saboda irin waɗannan wurare.

Nan ne reshe na biyu ya shigo. Direban haya da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, in ka tambaye shi me ya sa Toyota, ba zai kawo maka zancen kanban ba. Cewa zai yi, "Ko a ƙauye ta tsaya, akwai mai gyara." A Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, kayan Corolla iri uku za a ɗora maka a tebur: sabo na asali, na Beljiyom da aka ciro daga wata motar, da kuma na araha. Yawan motar ya jawo yawan kayanta, yawan kayan ya sa yara suka koyi gyaranta, sauƙin gyaran ya sa aka ƙara sayenta. Da'ira ce mai ciyar da kanta. Wata motar Turai tana iya kai ta ƙarfin inji, amma in wata 'yar na'ura ta mutu a jikinta sai ta yi wata biyu a ƙarƙashin bishiya ana jiran saƙo. Kamfanin ma ya taimaka da halinsa na rashin gaggawar sauya abin da ke aiki: inji ɗaya yakan yi shekaru a cikin samfura da yawa, don haka abin da bakanike ya koya bara yana nan da amfaninsa bana.

Sai dai wannan juriyar tana da wani lahani da ba a magana a kansa, wato tana rufa wa mugun gyara asiri. Na taɓa zama a benci a wani gareji ina jiran aiki, aka kawo wata Corolla da ba ta fi mako biyu da sauka ba, takardar gwanjo ma tana manne a gilashi. Lafiyarta ƙalau. Maigidan garejin, dattijo mai hannu da sanin aiki, ya buɗe bonet ya ce wa yaronsa ya kwance tamostat, ya kuma haɗa fanka kai tsaye. Mai motar ya ce, "Injiniya, ba matsala?" Ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Nan zafi gare mu, cire shi ne kwanciyar hankali." Yaron ya jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin fenti, na leƙa na ga 'yan'uwansa sun kusa cika shi. Aka zubar da jan ruwan da ta zo da shi, aka ɗura na rijiya.

Dattijon ba mugunta yake yi ba, abin da ya gada ke nan daga zamanin kafireto da lagireto masu toshewa. Amma aikin tamostat shi ne ya riƙe injin a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu shi, da safe da lokacin hunturu injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da ƙara fetur. Mai ya tafi, ringi yana ci a hankali. Ruwan rijiya kuma yana kawo tsatsa da gishiri a hanyoyin ruwa. Haka zancen baƙin mai: injin da aka rubuta wa 5W-20 ko 5W-30 a murfinsa, sai a ɗura masa mai kauri 20W-50 wai don zafi, alhali ƙananan hanyoyin da ke cikinsa siririn mai suke so. Haka fasa salansa a cire abin tace hayaƙi, wanda ake kira indomi. Wata motar da an yi mata haka za ta nuna fushinta cikin wata uku. Toyota takan haɗiye ta yi shekara huɗu, sai kowa ya ce ai ga shi gyaran ya yi. Ranar da injin ya buga kuwa, babu mai tuna gwangwanin fenti.

Ba kuma kowane laifi ne na bakanike ba. Kamfanin yana da nasa, kuma a rubuce suke. Injin lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda yadda aka tsara fistin da ringinsa. Dashbod ɗin Camry na wannan zubi yakan narke ya yi danƙo a wurare masu zafi. A duka biyun kamfanin ya tsawaita garanti ga masu motar a Amurka. Wanda ya saye ta a Kaduna bayan shekara goma bai sami komai ba sai galan a but da tawul a kan dashbod. Ga kuma abin da ba ya cikin ikon kamfani ko bakanike: motar da ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta, inshora ta yi gwanjonta, aka gyara fuska aka mayar da mita baya. Mutum biyu za su sayi Camry shekara ɗaya launi ɗaya, ɗaya ta fito daga hannun tsohuwa mai zuwa kasuwa da coci, ɗaya daga ƙarƙashin ruwa. Tambarin gaba iri ɗaya ne, rayuwar da suka yi ce ta bambanta.

Akwai wanda ya fi waɗannan tayar mini da hankali, domin rai ne a ciki. Jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum a lokacin haɗari) ta kamfanin Takata, wadda aka sa a motocin Honda da Toyota da Nissan da wasu da dama, tana ɗauke da sinadarin da ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima. In ta tashi fashewa sai ta tarwatsa gidanta na ƙarfe, ɓarɓashin ya nufi fuska da wuya. An yi asarar rayuka, aka yi kiranye, wato kiran masu motocin su dawo da su a gyara, mafi girma a tarihin motoci, Takata ta durƙushe a 2017. A Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005, kimanin mota 50,000 a Amurka, cewa kada su ƙara tuƙa su sai an sauya jakar. Waɗannan su ne shekarun da suka cika titunanmu, a ƙasar da zafinta ya fi na can. Wasiƙar kiranye tana zuwa adireshin mai motar na farko, ba ta tsallako teku. Duk mai irin wannan mota yana iya sa lambar shasinsa a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ya ga ko an yi mata aikin kafin a loda ta a jirgi.

Shi kansa kamfanin ya taɓa mance igiyarsa. A 1989, watanni kaɗan da fitowar Lexus, motar alfarma ta Toyota, ƙorafi ƙalilan ya sa aka kira motoci kusan 8,000, dillalai suka je har gida suka ɗauka, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki. Shekara ashirin bayan haka, Toyota ta riga ta wuce General Motors ta zama ta ɗaya a duniya a 2008, tana buɗe masana'antu a ko'ina. A Agustan 2009, kusa da San Diego, wani jami'in 'yan sandan hanya da matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matarsa suka mutu a cikin Lexus da totur ɗinta ya maƙale a ƙarƙashin tabarmar ƙafa da ba tata ba. Aka kira motoci sama da miliyan 8 a kan tabarma da kuma feda mai maƙalewa. Binciken da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka taya yi bai sami laifi a kwamfutar motar ba, amma an tabbatar kamfanin ya san wasu matsalolin ya yi nauyin baki. A Fabrairun 2010 Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya zauna gaban majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa girman da suka yi ya fi saurin da mutanensu za su iya bi. A 2014 suka biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiya ga jama'a.

Abin ya sake dawowa ta wata ƙofa. A 2022 aka gano Hino, reshen Toyota na manyan motoci, ya yi shekaru yana murɗa alƙaluman hayaƙi. A Disambar 2023 Daihatsu, wani reshen na Toyota, ta dakatar da fitar da dukkan motocinta bayan an gano maguɗi a gwajin kariya da ya shafi samfura 64. A Janairun 2024 sai ga Toyota Industries, wato ainihin kamfanin saƙar Sakichi, da matsala a gwajin injunan dizal da ake sa wa Hilux da Hiace da Land Cruiser. A Yuni kuma uwar kamfanin ta amsa nata kuskuren a takardun gwajin samfura bakwai. Ba a ce motocin suna karyewa a hanya ba, ƙa'idar gwaji aka tsallake. Amma abin da kwamitin binciken Daihatsu ya gano ya isa abin damuwa: an ƙuntata wa injiniyoyi lokaci, an sa musu dole gwaji ya yi nasara a karon farko, babu mai iya buɗe baki ya ce ba zai yiwu ba. Zare ya tsinke, inji bai tsaya ba. Rukunin da ya sayar da mota miliyan 11.2 a 2023 yana da wannan nauyin a kansa kullum.

Abin da ke tafe gare mu kuwa ya shafi reshe na biyu ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, kowa lissafin lita yake yi, kuma motoci masu haɗa fetur da batir, waɗanda Toyota ta fara da Prius a 1997, sun fara yawa a wuraren dillalai. Suna da tsimin mai na gaske, musamman a cunkoson gari. Sai dai ba a gyara su da kunne da sifana kaɗai. Ana buƙatar na'urar karanta kwamfuta da wanda ya san ma'anar abin da ta nuna. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinsu suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, tana iya kashe yaron da ya kai hannu bai sani ba. Babban batirin kuma ba ya son zafi. Iskar da ke sanyaya shi daga cikin motar ake janta, ta wata 'yar taga da ke kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu takan toshe ta, ko a jingina mata buhu ko jakar makaranta, batirin ya yi ta dahuwa a hankali har fitila ta kama a dashbod. Masu motar da yawa ba su san da tagar ba, kuma share ta bai wuce aikin minti goma da buroshi ba.